Ranar da ƙwan tocila ya ƙi kamawa

Da kwamfuta na fara, kuma nan ne na yi kuskure. Darasin lantarki ne na 'yan aji biyar. Na kai kwamfutata wajen mai caji tun dare, na sauke manhajar PhET ta kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya, wadda Jami'ar Colorado ta Amurka ta fara a 2002 kuma take bayarwa kyauta. Da safe yara suka yi wa teburina rumfa. A cikin manhajar na jawo batir, na jawo waya, ƙwai ya kama, ga 'yan ɗigo suna ta zagaye cikin wayar. Na ce, "Kun gane?" Suka amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Har na ji kaina ya yi girma.

Washegari na raba su rukuni-rukuni, kowane na ba shi batir biyu, guntun waya, salatef da ƙwan da na ɓalle daga tsofaffin tocila. Minti ashirin, ko ƙyas.

Wasu ba su fere robar wayar ba, don ta cikin kwamfuta ba ta da roba. Wasu batir ɗaya suka sa, alhali farin ƙwan LED, wato irin wanda na ba su, kusan bolt 3 yake so, batir kuwa 1.5 ne. Sai ga wata yarinya, wadda duk zangon ban ji muryarta ba, ta ɗago kai: "Malam, na juya ƙafafunsa ya kama." Gaskiyarta. LED ta fuska ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce, na cikin manhajar kuwa babu ruwansa da gaba ko baya. Ni kaina na sha'afa da wannan.

Daga nan aji ya rikice da gwajin abin da wuta ke iya bi ta cikinsa. Ƙusa, cokali, tsinken tsintsiya, hular wani. Bakin fensir ne ya tada gardama, da suka ga ƙwan ya kama.

Sai da wani yaro ya ce, "To Malam, me ke tafiya cikin wayar?" sannan na sake buɗe kwamfutar. 'Yan ɗigon da jiya suka kalla kamar katun, yau har da masu bin su da yatsa, suna cewa in cire waya ɗaya su ga ko za su tsaya.

Yanzu haka nake yi ko a darasin maganaɗisu: kaya a hannu tukuna, kwamfuta tana jaka har sai an yi tambayar da ido ba zai iya amsawa ba. Cajin ma ya fi kai ni ƙarshen mako.