Kalmar "incite" da wahalar da take ba mu a shagon fassara

Shagona ɗaki ɗaya ne kusa da wata kotu a Kano: kwamfuta biyu, injin fotokwafi, janareta mai yawan tari, sai yara biyu da nake koya wa aiki. Takardun gado da na hayar gida su ne ke kawo kuɗin cefane. Amma da zarar zaɓe ya ƙarato, sai lauyoyi su fara sallama da takardun tuhuma, a mayar Hausa don wanda ake tuhuma ya san abin da aka ce ya yi. A nan muke karo da "incite" kusan kullum.

Asalinta Latin ne, "incitare", wato a motsa abu ya zabura. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 15. A yau ba kasafai ake jin ta a kan alheri ba, sai tarzoma ko ƙiyayya. Mu kan fassara ta da tunzurawa, musamman idan jama'a aka yi wa magana. Zuga na fi ajiye ta ga wanda ya zauna kusa da mutum yana hura masa kunne, kamar yadda maƙeri ke yi wa garwashi da zugazugi.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "abet". Dokar Final Kod ta Arewa, wato kundin dokokin hukunta laifuka, da ta fara aiki a 1960, tana amfani da ita a kan wanda ya ingiza wani ya aikata laifi, ko ya haɗa baki da shi, ko ya taimaka masa. Tushenta tsohon Faransanci ne, daga sa karnuka su far wa dabba. Ranar da na gano haka dariya na yi, domin abin da Bahaushe ke cewa ke nan: ya cuna masa kare.

Wata rana wani lauya ya kawo jawabi a waya, Turanci gauraye da Hausa, a rubuta masa. Ƙaramin yaron nawa ya ji "insight", mai nufin zurfin fahimta, ya buga "incite". Furucinsu kusan ɗaya ne, inda ake danna murya ne ya bambanta. Allah Ya sa na duba kafin in sa hatimi.

Na ce, "Kai, malamin nan basira ya ce zai ba matasa, kai kuwa ka mai da shi mai tunzura su."

Ya ce, "Yallabai, wallahi haka kunnena ya ji."

Tun ranar, duk sautin da aka kawo sai mutum biyu sun saurara, kuma na ƙara kuɗin shafi. Lauyoyi sun yi ƙorafi na mako biyu, sannan suka ci gaba da zuwa.