Lahadi a Osafune, sai ga wayar Kawu

Yau dai Allah ya yi na fita daga ɗaki. Jirgin ƙasa daga Okayama zuwa Osafune a nan Japan wajen rabin awa ne, sanyi kuma ba a magana, safar hannu ma na baro ta a gida.

Gidan tarihin takubban Japan da ke can na je, wanda malaminmu Sensei ya dame ni da zancensa tun bara. Na taki sa'a ana nuna ƙira irin ta da. Maƙerin na zaune cikin fararen kaya yana juya ƙarfe a wuta, yaransa na tsaye da masaba suna duka bi da bi, in ya faɗaɗa a tsaga shi a ninke a mayar wuta, haka za a yi ta yi har wajen sau 15. Ƙarfen sunansa tamahagane, a Okuizumo ta jihar Shimane ake narka shi daga baƙin yashi da gawayi, kwana uku wuta ba ta mutuwa. Wannan zanen mai kamar igiyar ruwa da ke bin bakin takobi kuwa ashe daga yumɓu yake, a shafa da kauri a baya, a shafa kaɗan a wajen kaifi, sannan a tsoma a ruwa yana jawur. Kafin gwamnati ta ba mutum lasisi sai ya yi shekara biyar a gaban maigida, ya samu ɗin ma dogon takobi biyu kawai aka yarje masa a wata.

To na tura bidiyo a group ɗin gida, ban kai bakin ƙofa ba sai ga kiran Kawu, ko ƙarfe nawa ne a can oho, shi dai ba ya barci bayan asuba. Ina ta ba shi labarin Sanchomo, takobin da birnin Setouchi, inda Osafune take, ya saya a 2020 kan yen miliyan 500, tun zamanin Kamakura aka ƙera shi, fiye da shekara 700 ke nan, ya taɓa zama a hannun wani shahararren sarkin yaƙinsu, Uesugi Kenshin. Ban ma gan shi ba fa, lokaci-lokaci suke fito da shi, hoto kawai na gani. Kawu ya ce, "Wane maƙeri ne ya yi shi?" Na ce Kawu ai babu sa hannu a jikinsa, masana dai sun duba ƙirar sun ce ta gidan Fukuoka Ichimonji ce. Ya yi ta dariya har da tari, wai miliyan 500 kuma ba a san wanda za a yi wa kirari ba.

Da ya gama sai ya ce amma fa sun yi gaskiya, hannu ba ya ɓuya. Wai lokacin Kaka ko a kasuwar wani gari ka ɗaga fartanya za ka san tasa ce daga yadda ya lanƙwasa wuyanta. Na ce to Kawu ina kayan aikin Kaka yanzu, uwar maƙerar nan da zugazugin? Ya ce, "Ai 'yan gwangwan sun ɗauka tun shekarar da aka gyara zaure, a kilo aka auna." Haka ya faɗa, muryarsa ko canzawa ba ta yi ba, ya wuce zancen kuɗin taki.

Wlh daga nan komai ya fita raina. Ina tsaye gaban gilashi ina kallon gindin wani takobi, wajen da ke shiga cikin mariƙi, ya yi baƙi da tsatsa kuma da gangan ba sa goge ta saboda da ita ake gane shekarunsa. Tsatsa ma an bar ta da daraja. Mu kuwa a kilo. Ni ba wai zan koma in hura wuta ba ne, ko awartaki ban iya riƙewa ba, amma ai da an tambaye ni, kuɗin kilon nan da na tura musu ninkin ba ninki.

Ɗakin masu wasa kaifin takobi ban wani tsaya ba. Onigiri, wato curin shinkafa, mai kifi na ci a tasha. Jirgi ya wuce ina kallonsa.

Yanzu na ga saƙon murya daga Kawu, wai in zan dawo in taho masa da wuƙar Japan ta yankan layya, amma kada ta wuce dubu biyar.