Tace Xrn1 daga yisti: inda aikin yakan lalace

Xrn1 wani enzayim ne da ke cinye zaren RNA daga bakinsa da ake kira 5' zuwa ɗaya bakin, 3', a cikin yistin burodi. Audrey Stevens ta Oak Ridge a Amurka ce ta fara tace shi, wajajen 1980. Ƙato ne, nauyinsa ya kai kilodalton 175, kuma girman nan ne ke jawo masa matsala.

Ana fasa ƙwayoyin yisti da duwatsun gilashi masu kaurin rabin milimita, a sanyin digiri 4: a girgiza daƙiƙa 30, a mayar kan ƙanƙara minti ɗaya, a sake. Da ƙwayar ta fashe, enzayim ɗin da ke narka furotin sai su fito su daddatsa Xrn1, a ƙarshe ka ga guntaye a kan jel ɗin da ake ware furotin bisa girmansu. Shi ya sa na fi yarda da irin yistin da aka cire wa Pep4, ɗaya daga cikin waɗannan enzayim masu narka furotin. PMSF kuma, sinadarin da ke hana wasu daga cikinsu aiki, a zuba shi dab da fasawa, don ba ya daɗewa a ruwa.

Wajen gwaji ne ake yawan ruɗewa. Xrn1 sai da maganiziyam yake aiki, kuma yana son RNA mai fosfet ɗaya a bakin 5'. RNA mai hula, wato wanda aka rufe bakinsa na 5', yakan gagare shi. To, ka zuba EDTA a kwalba ɗaya, don yana kama maganiziyam ya tsayar da Xrn1. In RNA ya ci gaba da narkewa, wani RNase ne, wato wani enzayim daban mai narka RNA, ya shigo, wataƙila daga yatsu ko ruwa. Sai a canza safar hannu, a haɗa ruwa sabo.