Talata, kwana uku bayan Bissa

Da asuba bayan na idar da salla na cika kwanon ruwan kyanwata Bissa, sai da ya cika na tuna. Shekararta 16, ni kuma 52, cutar ƙoda ce ta tafi da ita ranar Asabar.

Da hantsi maƙwabciyata ta shigo gaisuwa tana ɗan jin nauyi, don a wajen mutanenmu ba a saba yi wa mutum ta'aziyyar kyanwa ba. Ta ce, "Yaya, ni ma tawa shan ruwa take kamar raƙumi, amma ai zafin Jidda ne." Na ce, "Hajiya, zauna tukuna." Wannan zaton shi ke cin lokacin mutane. Kyanwa mai kilo 4 ruwanta na yini bai cika wuce mililita 200 ba, har da wanda ke cikin abinci. Idan tana shanye kusan ninki biyu, fitsari ya yawaita, ƙashin baya ya fara fitowa, baki na wari, ga amai jefi-jefi, to a kai ta gwajin jini da fitsari. Ƙoda tana da ɓoye ciwo, sai wajen kashi biyu cikin uku na aikinta ya lalace alamun suke bayyana. Na ce ta auna ruwan da kofin awo kwana uku a jere, ta rubuta, ta tafi wa likitan dabbobi da lissafin. Kuma ko da wasa kada ta ba ta Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Ta ga ledar ƙarin ruwa a rataye jikin ƙusa ta tambaya. Likita ne yake yanke adadin, yawanci wajen mililita 100 a ƙarƙashin fata. Ana tsoma ledar a ruwan ɗumi tukuna, don mai sanyi yana sa ta zabura. A rataye ta sama sosai, a kama fatar tsakanin kafaɗu a ɗaga kamar tanti, a soka allura a kwance, a buɗe. Minti biyar zuwa goma an gama. Matsalolin sanannu ne: allura ta huda ta fita ta ɗaya gefen, sai ka ga gashi ya jiƙe, ko bakinta ya manne da fata ruwa ya tsaya, sai a ɗan juya ta. Ƙullutun da ya taso yakan gangara wajen ƙafa ya baje cikin sa'o'i. Idan na jiya bai baje ba, ko tana haki, ba a ƙara wani, a kira likita. Abincin masu ciwon ƙoda kuwa a hankali ake gauraya shi da tsohon, mako guda ko fiye. In ta ƙi ci, gara ta ci abin da take so da ta kwana biyu da yunwa, don yunwa tana taɓa hantar kyanwa.

Bayan azahar na shiga kayanta. Akwatin yashi sai an ɗauraye shi da ruwa da sabulu kafin a zuba bilic irin Clorox, don haɗuwarsa da fitsari yana tayar da iska mai shaƙe mutum. Ciwon ƙodar tsufa ba ya yaɗuwa, saboda haka kwanuka da kejin ɗauka na ba Hajiya. Allurai na zuba a gora mai kauri na rufe.

Tunda hannu ya taɓa, na wuce ɗakin ajiya. Tun rusau na 2022, da aka tashi unguwannin Karantina da Sabil a nan Jidda muka dawo gida mai ɗaki biyu, akwai kwalaye bakwai da ba a buɗe ba. Kullolin aure, fulas-fulas na zamanin da gida ke cika da alhazai, atamfofin anko da ko sau biyu ba a ɗaura ba. Abin da shekara uku ba a neme shi ba na fitar. Kwali huɗu za su tafi kasuwar Sawarik, biyu sadaka, tufafin an wanke an ninke, don ba na son a ba mutum abin da sai ya gyara. Na bakwai takardu ne da hotuna, ban taɓa shi ba.

Auta ta kira bayan magariba. "Umma, in samo miki wata ƙarama?" Na ce ta bari tukuna. 'Yar kyanwa alkawarin shekara 15 ce ko fiye, ni kuma gwiwata ta fara ƙorafin matakala.

Kwanon ruwan dai ban bayar ba. Na sauko da shi bakin ƙofa a inuwa, na cika. Kafin isha'i wata baƙa mai yankakken kunne ta zo ta sha rabi.