Yadda muke rainon ɗan baya a ƙaramar makarantar ƙwallo

Duk yaron da mahaifinsa ya kawo mana, lamba tara yake so ko lamba goma. Da wuya ka ga wanda ya zo da bakinsa ya ce shi lamba biyar zai buga, wato tsakiyar baya. A unguwa kuwa an saba, wanda ya fi kowa tsawo, ko wanda ƙwallo ba ta zama a ƙafarsa, shi ake korawa baya a ce masa "kai dai ka fitar da ita." Daga nan matsalar take farawa, domin wasan yanzu ba ya ɗaukar irin wannan ɗan bayan. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 2019 kuma aka sauya dokar bugun gola, aka ce ba dole sai ƙwallo ta fita daga yadi na 18 ba kafin a taɓa ta. Ma'ana lamba biyar da lamba shida su ne suke karɓar fasin na farko, a bakin ragarsu, da ɗan gaba a wuyansu. Wanda ƙafarsa take rawa a wannan wuri babu kulob ɗin da zai saye shi, komai tsawonsa.

Shi ya sa ba ma ɗaure yaro a baya kafin shekara 13 ko 14. Ya buga tsakiya, ya buga gefe, ya san yadda ɗan gaba yake tunani. In muka tashi zaɓe, abin da muke kallo shi ne abin da yake yi idan ƙwallo ta yi nisa da shi: yana waiwaye? Yana magana da na kusa da shi? Idan aka ƙwace ƙwallo a hannun ƙungiyarsu, shi ne farkon juyawa da gudu ko tsayawa yake yana ɗaga hannu yana neman mai laifi? Sai saurin juyi da gudun mita 10 na farko. Tsawo yana zuwa daga baya, kuma iyaye da yayye suna nuna inda yaro zai kai.

Darasin da ya fi cin lokacinmu shi ne mutum da mutum. Muna shata wuri mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20, koci ya buga wa mai kai hari ƙwallo, ɗan baya ya fito. Yayin da ƙwallon take tafiya a ƙasa, lokacin gudunsa ne, ya cinye tazarar iya ƙarfinsa. Saura mita biyu ko uku sai ya ci birki, ya gajarta taku, ya tsaya a kaikaice, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, nauyinsa a kan yatsun ƙafa. Tazarar da ke tsakaninsu kamar tsawon hannu ɗaya da rabi. Idonsa a kan ƙwallo, ba a kan kafaɗar da ake kaɗa masa ba. Da tsayuwarsa zai rufe hanya ɗaya ya bar ɗaya a buɗe, wato wajen layin gefe ko wajen ƙafar da abokin karawar bai iya da ita ba.

Kurakuran a nan sanannu ne. Wanda bai ci birki ba, taɓawa ɗaya za a yi masa a wuce, saboda jikinsa yana tafiya gaba ƙwallo tana tafiya bayansa. Wanda ya tsaya ƙafa biyu a jere, ƙirji a buɗe, sai an zura masa ta tsakanin ƙafa ko ya ɓata rabin daƙiƙa wajen juyawa. Mafi yawa kuwa shi ne miƙa ƙafa tun lokaci bai yi ba, sauri ya haifi nawa. Muna koya musu cewa lokacin ƙwacewa uku ne: idan ƙwallo ta yi wa mai ita nisa da ƙafa, idan ya juya maka baya, ko idan ka tabbata akwai naka a bayanka. In ba haka ba, ka riƙe shi. A wannan atisaye muna ba ɗan baya maki idan ya tsayar da mutum daƙiƙa biyar ko da bai taɓa ƙwallo ba, domin a wasa daƙiƙa biyar ta isa 'yan tsakiya su dawo. Yara suna jin haushin wannan ƙa'ida da farko, don 'yan kallo zamiya suke yi wa tafi. Amma mai zamiya in ya kuskure ya fita daga wasan, ƙungiyarsa ta koma mutum goma har ya tashi, in kuma ya kwashe mutum a cikin yadi na 18 to fenareti ce. Ga filayenmu na ƙasa, musamman da hunturu, zamiya ɗaya sai ta saɓule fatar cinya yaro ya yi mako yana jinya. Muna koyar da ita, amma a ciyawa ko a yashi, kuma a matsayin dabarar ƙarshe.

Daga nan sai biyu da biyu. Ɗaya ya tare mai ƙwallo, ɗaya ya tsaya bayansa a karkace, mita biyar zuwa takwas, inda zai iya kai ɗauki idan an wuce na farko kuma ya ga nasa mutumin. Na bayan ne yake da baki, shi zai ce "kai shi waje" ko "riƙe shi, ina nan." Yaro mai kunya da ba ya ɗaga murya a gaban manya sai an sha aiki da shi, domin tarbiyyar gida ta koya masa yin shiru, fili kuma yana buƙatar ya umarci wanda ya girme shi. Mukan ba irin wannan yaron kyaftin a atisaye da gangan.

Layin mutum huɗu yana da alama ɗaya da dole kowa ya karanta lokaci guda. Idan mai ƙwallo an matsa masa, ko ya mayar da ita baya, layi ya tura gaba. Idan ya ɗaga kai babu kowa a kansa, layi ya ja baya nan take, jiki a kaikaice, a shirye da gudu. Tsakanin kowane biyu mita 10 zuwa 12, kuma idan ƙwallo ta koma dama, lamba uku, wato ɗan bayan hagu, ya tsuke ciki, ya bar abokin hamayyar da yake can gefen hagu tunda shi ne mafi nisa da haɗari. Mukan fara da igiya a hannunsu su huɗu, koci yana zagayawa da ƙwallo, don su ji a jikinsu idan ɗaya ya makara. Tarkon satar gida ba ma gina wasa a kansa a matakin yara. Mutum ɗaya ya yi barci shi ke nan, kuma a wasannin ƙananan gasa ba kullum ake samun mataimakan alƙalin wasa da suke daidai da layi ba. Kuma a riƙa tuna musu babu satar gida daga jifa, ko kwana, ko bugun gola. Ƙwallaye da yawa suna shiga daga jifa saboda mantuwar wannan.

Idan aka bugo ƙwallo daga gefe, laifin da ya fi kashe ƙungiya shi ne kallon ƙwallo a manta da mutum. Ɗan baya ya buɗe jikinsa yadda zai ga biyun, ya tsaya tsakanin mutuminsa da raga, hannu yana taɓa shi ba riƙo ba. Idan zai fitar da kai, da goshi, ido a buɗe, ya daki ƙasan ƙwallon don ta yi sama, ta yi nisa, ta yi gefe. Wanda ya mayar da ita tsakiya, bakin yadi na 18, ya ba abokan hamayya fasin. Sai dai bugun kai yana son taka-tsantsan. Amurka ta hana shi ga yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, hukumar ƙwallon Ingila kuma a 2021 ta ba da shawarar kada manyan 'yan wasa ma su wuce bugun kai mai ƙarfi 10 a atisayen mako. Mu da ƙwallo mara nauyi muke farawa, a jefo da hannu, kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi karo da kai ya ji jiri ko ya rikice, ya gama wasa a ranar, sai likita ya gan shi.

Tsakanin shekara 13 da 15 yaro yakan yi tsawo farat ɗaya, sai ka ga wanda ya iya jiya yau ƙafafunsa suna harɗewa, yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya. Masu gaggawa a nan suke sallamar yaran da da sun zama manyan 'yan baya. Ƙashi ne ya riga jijiya tafiya. A rage masa tsalle da gudu mai tsanani, a ƙara aikin daidaita jiki, a auna tsawonsa duk wata uku don a san lokacin da abin ya lafa. Ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 ne kuma ba ya buƙatar kayan aiki, muna yin sa aƙalla sau biyu a mako. Da bazara bayan Asuba ko bayan La'asar muke fita, da hutun shan ruwa. Da azumi a sassauta aikin, a kai shi dab da shan ruwa ko bayan tarawihi.

Rage shekaru ya fi cutar da ɗan baya fiye da kowa. Ɗan shekara 19 da aka sa cikin 'yan 15 da kafaɗa zai riƙa cin kowace karawa, ba zai taɓa koyon tsayuwa ko karatun wasa ba, domin bai buƙace su ba. Ranar da ya haɗu da sa'o'insa sai a ga babu komai a hannunsa. Ga kuma hoton asibiti na MRI da ake yi wa wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17. Ba ma karɓar yaro sai da takardar haihuwa da shaidar makaranta.

Ta fuskar kuɗi, ɗan baya amfanin gona ne mai daɗewa bai nuna ba. Virgil van Dijk sai da ya bi ta Groningen da Celtic da Southampton, yana da shekara 26 Liverpool ta saye shi fam miliyan 75 a farkon 2018. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya sha ƙananan kulob a Fotugal kafin Santa Clara, sannan Porto a 2020. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin shekara 18 sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, don haka duk dillalin da ya ce wa uba ya sayar da fili a kai ɗan shekara 15 gwaji Turai, a guje shi. Abin da ƙaramar makaranta take dogara da shi shi ne kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa waɗanda suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kuɗi ba ya zuwa sai sunan makarantar yana cikin tarihin rajistar yaron, saboda haka rajista da hukumar ƙwallo da adana takardar kowace kaka aiki ne daidai da atisaye.

Tallata ɗan baya ma daban ne. Faifan minti uku na zamiya da tsalle ba ya gamsar da mai neman 'yan wasa. Cikakken wasa yake so, a ɗauka daga wuri mai tudu yadda layin huɗun zai fito gaba ɗaya, ya ga inda yaron yake tsayawa idan ƙwallo tana can nesa. Wayar hannu a kan doguwar sanda daidai layin tsakiya ta wadatar. Mai buga tsakiyar baya da ƙafar hagu yana da wuyar samu ko a Turai, don haka idan muka ga bahago mai natsuwa a lamba uku, mukan fara gwada shi a ciki tun yana 15, rabin wasa a gefe rabi a tsakiya.