Numfashin Kifin Wel a Tekun Husabik

A watan Yuli na shiga wani tsohon jirgin kamun kifi na katako daga tashar Husabik, ƙaramin garin da ke arewacin ƙasar Aislan, inda aka fara kai baƙi kallon kifin wel tun 1995. Ko da yake lokacin bazara ne a can, rana ma da ƙyar take faɗuwa, sai da aka ba kowannenmu riga mai kauri da ke rufe jiki daga wuya har idon sawu, domin iskar teku tana ratsa ƙashi.

Wannan sanyin ne yake tara dabbobin. Koguna biyu suna zuba a mashigin Skiyalfandi, wanda garin Husabik yake bakinsa, ɗauke da sinadaran da ke raya ƙananan tsirran ruwa, doguwar rana kuma tana sa su yaɗu, sai ƙananan kifaye da jatan lande su yawaita. Wel mai doro yakan yi watanni yana ƙoshi a irin wannan wuri, sannan da yawansu su nufi ruwan ɗumi na Karibiyan domin haihuwa, inda kusan ba sa cin komai. Sunan kifi da muke ba shi kuskure ne da ya zauna a baki, domin da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, kuma uwa tana shayar da ɗanta nono.

Mun fi awa guda ba mu ga komai ba sai tsuntsaye, wasu fasinjoji har sun fara amai saboda jijjigar ruwa. Can sai matuƙin ya rage gudu, ya bar jirgin yana lilo. Kafin idona ya ga wani abu, kunnena ya ji wata irin huci mai nauyi, sai tururi ya tashi sama, baƙin baya mai tsawon kusan mita 15 ya bayyana a hankali. Ya numfasa sau huɗu, ya lanƙwasa jiki, ya ɗaga wutsiya, ya nutse. Jagorarmu ta ce da zanen fari da baƙi na ƙarƙashin wutsiyar ake gane kowane ɗaya, don babu biyu masu zane iri ɗaya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne wani kwalekwale mai inji da ya taho a guje ya tare wa dabbar hanya, don fasinjojinsa su sami hoto. Wel da sauti yake sadarwa, kuma duk nutson da ya yanke saboda ƙarar inji abinci ne ya rasa daga guzurin doguwar tafiyarsa. A ganina, wanda zai biya kuɗin irin wannan fita ya kamata ya tambayi tazarar da jirgin yake bari, kafin ya tambayi ko tabbas za a ga wel.

Haramcin farautar wel don kasuwanci ya fara aiki a duniya a 1986, amma Norwe ta koma farautar a 1993, Aislan kuma a 2006. A Husabik kuwa, jiragen katakon da a dā suke fita kamun kifi su ne yanzu suke ɗaukar masu kallo, fita ta kusan awa uku, su dawo da mu tasha muna ɗumama hannu da kofin koko mai zafi.