Godiya ga duk wanda ya sa hannu a fitar littafina

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi bugun farko na littafina ya kusa ƙarewa, kwali guda ya rage a ɗaki, shi ya sa na ce bari in zo in yi godiya tun kafin hidima ta sha kaina.

Waɗanda suka san ni sun san da kuɗin adashena na buga littafin nan, labaran matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Maradi ne, kuma da na biya mai bugu ko dala ba ta rage mini ta talla ba. Babu kamfani a bayana, babu afishi, forfe ɗin intanet ma sai na yi lissafi kafin in saya.

Farko maigidana, Allah ya saka maka da alheri, kai ka ɗaure kwalaye a bayan moto ka bi shagunan masu saida kaye da littattafan lakwal daga babbar kasuwa har unguwannin Ali Ɗan Sofo da Zariya kana roƙo su ajiye biyar biyar, in an saya su cire nasu su ba mu namu. Wasu sun ce littafin Hausa ba ya tafiya, wasu suka karɓa, kuma waɗanda suka karɓa ɗin su ne yanzu ke kira a ƙaro musu.

Sai ƙannena ƴan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yaran nan wallahi sun ba ni mamaki, su suka ce Anti ki bar rubuta dogon bayani a Facebook, ki karanta shafi guda da muryarki mu tura a WhatsApp. Na zauna da dare bayan yara sun yi barci na ɗauki murya da salulata, labarin tsohuwar da ke tashi tun asuba tana suyar gyaɗa, suka watsa a gurup gurup, kafin in ankara ana kirana daga Tasawa da Dakoro da Gidan Rumji, har da matan da ba su yi boko ba suna cewa za su saya ƴaƴansu su karanta musu. A ganina wannan muryar ta fi duk wata talla da na yi aiki, don mutanenmu da kunne suka fi karɓar labari.

Ina godiya ga ƴar uwa mai shirin mata a gidan rediyo da ta ba ni fili ba ta karɓi ko sisi ba, da mushen da ya shiga da littafin aji ya karanta wa ɗalibai. Ya ce tun da aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025 yana neman abin karantawa da aka rubuta a nan gida, yawancin waɗanda ke hannunsa daga Kano suke zuwa. Maganar nan ta zauna mini a rai sosai.

Direbobin tasha kuma da ke kai saƙo Zinder da Tawa da Yamai, da mai zuwa Katsina ta Jibiya, da waɗanda suka turo kuɗi ta Nita tun ba su ga littafin da ido ba, wannan amana ce babba, na gode.

Inna, ke da ƙawayenki kuka ba ni labaran nan kuna tuƙin tunkuza ina gefe da biro, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Masu tambaya daga Madarunfa da Mayahi ku yi haƙuri, naku zai taso ranar kasuwa in sha Allah. Kuɗin bai canza ba, jikka biyu ne, kuma abin da ya shigo shi nake tarawa don bugu na biyu.